Jar fitilar amfilifaya na ta kyaftawa, me ke jawo haka?

Mai_Sauti:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar sauti ku taimaka min, amfilifaya ce (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa sifiku) mai layi biyu nake haɗa ta da mikisa (na'urar haɗa sautuka), to da zarar an ɗaga murya sai jar fitilar da aka rubuta CLIP ta riƙa kyaftawa, wani lokacin ma ta tsaya a kunne, can kuma sai ta PROTECT ta kawo, sauti ya ɗauke gaba ɗaya. Na rage maɓallan gaba zuwa rabi amma ba ta daina ba. Sannan akwai ɗan makunni a baya mai STEREO da BRIDGE, menene aikinsa?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, waɗannan maɓallan na gaba ba ƙarfin amfilifaya suke ragewa ba, siginar da ke shigowa kawai suke ragewa, shi ya sa in mikisa ta turo da ƙarfi ko kana kan rabi sai ta kai ƙarshenta. CLIP na nufin ta kai iyakar abin da za ta iya, ta fara datse saman sautin, kuma wannan datsattsen sautin shi ne ke ƙona ƙananan sifiku masu siririyar murya. In ta ɗan ƙyafta sau ɗaya lokacin da ganga ta buga ba komai, amma ta zauna a kunne wallahi kayanka kake kashewa. Ka sauke daga mikisa har koriyar SIGNAL kaɗai ke motsi.

Mai_Gyara:
Oga sifiku nawa ka ɗora wa kowane layi? PROTECT ba ta kawowa a banza, ko zafi ne ya yi yawa, ko wayoyin sifika sun taɓa juna, ko nauyi ya fi ƙarfinta. Wadda take kawowa na 'yan daƙiƙu in ka kunna wannan daidai ne. Ka duba fanka na juyawa kuwa, kuma ƙura ba ta toshe mashigar iska ba?

Mai_Sauti:
Uku uku ne, duk masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki), a haɗe suke ja da ja baƙi da baƙi.

Mai_Gyara:
To ga matsalar nan. Biyu masu om 8 a haka sun zama om 4, uku kuwa sun sauko ƙasa da om 3, kuma in om ya sauka nauyi ne ke ƙaruwa a kan amfilifaya, in bayan amfilifayar an rubuta om 4 ne mafi ƙanƙanta dole ta yi zafi ta kashe kanta. Cire ɗaya a kowane layi. Shi kuma BRIDGE haɗe layin biyu yake yi su zama ɗaya mai ƙarfi, amma kowane layi rabin om ɗin yake gani, don haka kar ka gwada shi da wannan haɗin naka, kuma kar ka taɓa makunnin tana kunne.

Tsohon_Hannu:
Ƙari kan haka, wajen kunnawa ka fara da mikisa, amfilifaya ta zo ƙarshe, wajen kashewa kuma ita ce farko, in ba haka ba wannan ƙarar "dum" ɗin kai tsaye cikin sifiku take tafiya.