Wata Guda, Littafi Nawa? Musayar Baitoci

Mai Tawada

Da sunan Allah na buɗe baiti,
Salati ga Manzo mai shiryarwa.

'Yan'uwa, ga batu na ajiye muku:
Wata guda na karatun shaƙatawa.

Kwana 30, kullum shafi 20,
600 ke nan wajen haɗawa.

Shafi guda minti 2 yake ci,
Minti 40 ne, ba tsanantawa.

Raba su biyu, 10 bayan asuba,
10 bayan isha'i kafin kwantawa.

Kar ka jera masu nauyi a jere,
Tuwo bisa tuwo ke sa ƙosawa.

Fara da siririn ƙagaggen labari,
Na gasar rubutun Hausa ta 1933 ba su da tsawaitawa.

Sai tarihi, sai wasan kwaikwayo,
Waƙa a tsakani tana ratsawa.

Wa zai gyara, wa zai ƙara?
Fili na nan ga mai amsawa.

Uwar Ɗaki

Malam, na ji lissafinka sarai,
Amma da wurin da ke son gyarawa.

Shafi ba ɗaya yake da shafi ba,
Mudun gari da gari yana saɓawa.

Na soyayya hira ce gajeriya,
30 ake sha ba a tsayawa.

Na tarihi suna ne da shekara,
10 ma sai an yi maimaitawa.

A riƙe minti 40 ɗin nan,
A bar yawan shafi ya yi ta canzawa.

A ware kwana 4 na uzuri:
Suna, biki, baƙi da gaisuwa.

Ranar da ta kuɓuce a ƙyale ta,
Kar a ninka gobe don ramuwa.

Littafin da bai kama zuciya ba
Har shafi 50, sai ajiyewa.

Ba jarrabawa za a zauna ba,
Tilas ita ke kashe sha'awa.

Malamin Tarihi

Hajiya, kin yi daidai kan tarihi,
Bari in nuna inda ake ɓacewa.

Muhammadu nan, Muhammadu can,
Mai karatu sai ya hau ruɗewa.

Ɗauki fensir da farar takarda,
Jera sarakai da shekarun hawa.

In na Kano ne, kafa turaku uku,
Su za ka riƙa komawa:

1463 Rumfa ya hau gado,
1804 jihadi ke somawa,

Na ukun kuwa riƙe shi da kyau,
1903 zuwan Turawa.

Duk labarin da ya zo, ɗaure shi
Kusa da turkensa, ba ya zamewa.

In marubuci ya ba da ta Hijira,
Ga hanyar da ake juyawa:

Cire 3 daga kowane 100,
Sa 622 wajen ƙarawa.

Gwada 1218, cire mata 36,
1804 ce ke fitowa,

Shekarar da Shehu ya bar Degel,
Shi da jama'a Gudu suke dosawa.

Ta wata ta gaza ta rana kwana 11,
Shi ne dalilin ragewa.

Wani sa'in shekara guda kan goce,
Tsakiyar shekara suke rabuwa.

Kuma tarihi a ba shi asuba,
Da dare gyangyaɗi ke cinyewa.

Ɗan Tudun Wada

Na riƙe muku “wa” ɗinku, amma na mayar da ita ƙwar huɗu.

Baba Malam, a ba ni dama,
Waƙa ba a yi mata azama,
Da ido kawai ba ta kama,
Sai baki ya yi rerawa.

Boko bai ja wasali ba,
Gari da gari bai raba ba,
Na tuwo da na zama bai ware ba,
Karin waƙa ne ke bambancewa.

Ku rera baitin farko sau 3,
Har kari ya zauna a kunnenku,
Sauran baitoci za su biyo ku,
Ba tuntuɓe, ba cijewa.

Baiti 15 kullum ya isa,
Baƙuwar kalma ja layi a ƙasa,
Ƙamus sai an kai ƙarshensa,
Yawan tsayawa ke sa tsinkewa.

Na ƙarni na 19 akwai Larabci,
A ciki kuma ga Sakkwatanci,
“Shina” gurbin “yana” ba ganganci,
Harshen yamma ne ke fitowa.

Ƙarshen waƙa a tsaya a lura,
Ramzi ne ke ɗauke da shekarar Hijira,
Haruffan abajada aka jera,
Baba ya ba mu hanyar juyawa.

Mai Ɗinkin Littafi

Iyaye da yayye, ga nawa fanni,
Littafi ya ga ƙarshen wata ba yagewa.

Kar a kife shi a buɗe kan tabarma,
Gam ɗin bayansa ne ke tsagewa.

Da hunturu ya fi, gam ya bushe,
Ganye ɗaya-ɗaya suke zubewa.

Alama a yi ta da guntun kati,
Biro a tsaka baya yake karyawa.

Ƙananan da aka ɗinke da waya,
Da damina tsatsa take kamawa.

Zare wayar, yi huda 3 a tsakiya,
Allura da zare wajen mayewa.

Gara ta bango da ƙasa take zuwa,
Kanta da bango a bar su da rabuwa.

Taƙi guda a tsakaninsu ya isa,
Ƙafafu bisa bulo a yi ɗorawa.

Duk mako a leƙa bayan kanta,
Layin laka shi ne alamar isowa.

In ruwa ya taɓa shi, kar a kai rana,
Zafi ganye yake lanƙwasawa.

Sa farar takarda duk shafi 20,
In ta jiƙe a yi ta sakewa.

Inuwa da iska har ya sha iska,
Sannan nauyi a kai don miƙewa.

Salatif kan yi ja ya bar tabo,
Farin gam kaɗan ya fi liƙewa.

Na aro kuwa, suna da kwanan wata
A rubuta su kafin miƙawa.

Ma'aikaciyar Ido

Yaya, ka kula da lafiyar takarda,
Ni ido nake tausayawa.

Santimita 40 tsakanin ido da shafi,
Fitila ta bayan kafaɗa take haskawa.

Duk minti 20 ɗaga kai ka duba
Abin da ke mita 6, don hutawa.

Daƙiƙa 20 ta wadatar,
Jijiyar hangen kusa ke sakewa.

Mai karatu a waya ƙiftawa kan ragu,
Shi ne yaji da bushewa.

Rage haske da dare, kashe data,
Saƙo guda zaren labari yake yankewa.

Wanda ya haura 40 in ya ga
Sai ya nesanta shafi yake ganewa,

Gwajin ido da tabarau ne magani,
Ba rashin so ba ne ke sa gajiyawa.

Mai Tawada

Na karɓa, Hajiya, agogo ya ci,
Kwana 26 ke ragewa.

4 na siririn labari a farko,
10 na tarihi, asuba ake bugawa.

Darensu goman a ba wa waƙa,
Baiti 150 ke taruwa.

5 na tarihin rayuwar wani gwarzo,
5 dogon labari mai jan zuciya da daɗewa.

Saura 2 na wasan kwaikwayo,
Wa ya san hanyar karantawa?

Uwar Ɗaki

Malam, fara da jerin 'yan wasa,
Wane ɗan wane, kafin shigewa.

Bayanin da ke cikin baka kar a tsallake,
Shi ke faɗin mai shiga da mai ficewa.

Kar a tsaya a tsakiyar zance,
Sai an kai ƙarshen fitowa.

A sa shi ran Juma'a da Asabar da dare,
Yara na gida, ba sammakon fita gobe da wayewa.

Raba musu suna, kowa da nasa,
Littafi guda hannu-hannu yake zagawa.