Tara muryoyi bisa gurmi da kiɗan na'ura irin na mawaƙan Sifaniyanci: me ya sa nawa ke cakuɗewa?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin sutudiyo. Akwai salon da wasu mawaƙan Sifaniyanci ke yi, irin su Juana Molina ta Ajantina da Lido Pimienta ƴar Kolombiya: kiɗan gargajiya a ƙasa, sautin na'ura a tsakiya, muryoyi kuma an jibga su bisa juna, shida ko takwas ko fiye. Irinsa nake so in yi da Hausa nan Damagaram, da gurmi da kalangu da ƙwarya.

Kayan aikina: kwamfutar hannu mai manhajar naɗar sauti ta Reaper, katin sauti mai mashiga biyu, mikro kondansa (irin mai ɗaukar ko ɗan ƙaramin sauti) guda ɗaya, ɗakin siminti mai rufin kwano. Da na wuce murya huɗu sai kalmomi su daina fita, komai ya koma gunaguni. Gurmin kuma ba ya jituwa da kibod, kamar ɗaya na ƙarya. Ina gyaran yake?

Injiniyan Birni:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki batun murya, na gurmi a bar wa masu shi.

Kada ka kwafi layin murya ɗaya ka liƙa shi sau huɗu. Wannan ƙarfi kawai yake ƙarawa, ba kauri ba, in kuma ka ɗan gusa kwafin sai sautin ya yi kamar daga cikin bututu yake fitowa. Kowane layi a sake rera shi daga farko. Ɗan bambancin numfashi da na lokaci da ke tsakanin rerawa biyu shi ne kaurin da kake ji a wajen mutanen can.

Sai ɗakinka, wanda nake zargin shi ne rabin matsalar. Siminti da kwano suna mayar da sauti, kondansa kuma ba ta barin komai. A murya ɗaya ba za ka lura ba. A murya takwas ka naɗi ɗakin sau takwas. Rataya bargo mai kauri a bayan mai waƙa, wani a gefe, ka jingina katifa a kusurwa, ka shimfiɗa darduma a ƙasa. Bayan mai waƙa ya fi muhimmanci, domin can mikro ke kallo. In da hali ka ari mikro dinamik irin SM58, a ɗaki irin wannan sau da yawa ta fi kondansa fitar da aiki mai tsabta.

Tazara: babbar murya santimita 15 zuwa 20 daga mikro, ƴan amshi 30 zuwa 40. Kusantar mikro yana kumbura ƙasan murya, shi ne ke taruwa ya zama gunagunin. Naɗa a 24 bit, ƙololuwar sauti kada ta wuce -12 zuwa -10 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Lissafin mai sauƙi ne: duk ninka yawan muryoyi yana ƙara kusan 3 dB, murya takwas ke nan ta haura guda ɗaya da wajen 9 dB.

Wajen haɗawa ka tura duk ƴan amshi bas ɗaya, wato layi guda da za ka riƙa gyara su tare. Yanke abin da ke ƙasa da 120 zuwa 150 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti), ga muryar mata har 180 ba laifi. Rage 2 zuwa 4 dB tsakanin 250 da 400 Hz. Rarraba su biyu-biyu, hagu da dama, wasu can ƙarshe wasu rabin hanya, babbar murya ita kaɗai a tsakiya. Haruffa masu tsini irin s, sh, ts da ƙ, a bar wa babbar murya ta furta su sosai, ƴan amshi su sassauta. In baki takwas suka faɗi ts ba lokaci ɗaya ba, kunne zai ji tsatsatsa a jere, kuma babu ikwalaizar da za ta gyara wannan, sai dai ka bi su da hannu kana daidaitawa.

Amon ɗaki na na'ura kuma guda ɗaya ya isa, kowa a aika masa kaɗan. Tsawonsa daƙiƙa 1.5 zuwa 2, jinkirin farawa milisakan 30 zuwa 40, don kalma ta fito kafin amon ya rufe ta.

Mai Gurmi:

Injiniya ya gama da ɗaki. Ɗan Zango, gurminka ba ƙarya yake ba, kibod ɗin ma haka. Ma'auninsu ne ba ɗaya ba. Kibod an raba mata sauti gida 12 daidai wa daida, an kafa ta a 440 Hz. Mai gurmi da kunnensa da maƙogwaronsa yake ɗaure tsirkiya, kuma wuyan gurmi ba shi da ƙarafunan da ke tsayar da yatsa wuri ɗaya. Saboda haka kibod za ta bi gurmi, ba gurmi zai bi kibod ba.

Ga yadda ake yi. Naɗi gurmin tukuna. Buɗe ReaTune, abin auna sauti da ke cikin Reaper, ka sa a kaɗa tsirkiya sake ba yatsa, ka ga da santi nawa ta kauce (santi 100 ne gida ɗaya na kibod). In ta nuna ƙasa da santi 30, ka sauke sautin kibod gaba ɗaya da 30. Sannan ka taƙaita kibod ga sauti biyu ko uku: tushen waƙar, na biyar ɗinsa, da tushen a sama. Cikakken kod, wato sautukan da ake dannawa tare, mai na uku a ciki shi ne yawanci ke karo da gurmi. Kuma kada ka kuskura ka sa wa gurmi Auto-Tune, manhajar da ke miƙe sautin da ya kauce, zai kashe zamiyar yatsa, wadda ita ce daɗinsa.

A lura da yanayi. Fata tana ɗamewa da zafi da bushewar hunturu, tana saki da damina. Gurmin da aka naɗa da hantsi ba zai yi daidai da na bayan la'asar ba. Duk layukansa a gama su zama ɗaya. Kalangu kuwa sautinsa hawa da sauka yake da matsar hammata, in ka sa bes, wato sauti mai kauri na can ƙasa, mai yawo a ƙarƙashinsa za su yi ta rigima. Bes ya tsaya kan sauti ɗaya mai tsawo, can ƙasa da 90 Hz, kalangu ya yi maganarsa a sama.

Game da kari, ka saurari chacarera ta Santiago del Estero a arewacin Ajantina. Gangarsu bombo legüero, kututturen itace ne da fatar da ba a aske gashinta ba, ana dukan fata ana dukan baki, kari 6/8 da 3/4 na tafiya tare. Biyu bisa uku ke nan, abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi a kiɗan ƙwarya da kalangu. Kada ka matse makaɗanka cikin 4/4. Ka sa bugu 90 a minti, kowane bugu ya kasu uku: bugu guda milisakan 667, kashi guda 222. In ka sa amsa-kuwwar murya a 444, ita da kanta za ta riƙa ba ka ukun nan bisa biyu, ba sai ka ƙara ganga ba.

Uwar Amshi:

Sannunku da aiki. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina ya fi duk lambobin nan nauyi.

Sifaniyanci ba harshen karin sauti ba ne. Mawaƙiyarsu tana iya sa murya ɗaya ta hau, ɗaya ta sauka a kan kalma guda, ma'ana ba ta motsa ba. Hausa kuwa hawa da saukar gaɓa da tsawon wasali suna cikin ma'ana. In babbar murya ta hau inda amshi ya sauka, mai sauraro zai ji kalmar ta dagule ko da naɗin ya fi madubi tsabta. Ɗana, ina jin wani ɓangare na gunaguninka daga nan yake.

Mafita biyu ce. Muryoyin da ke ɗauke da kalmomi su tafi tare, su hau tare su sauka tare, tazararsu ɗaya: na huɗu, na biyar, ko murya guda sama da ƙasa kamar ta mace da namiji. Waɗanda kake so su yi yawo yadda suka ga dama kuma ka cire musu kalmomi, su yi aa, oo, mm, guɗa, ko gaɓoɓin da ba su nufin komai. Juana Molina ma a faifanta Un día na 2008 da yawan muryoyin kari suke riƙewa, ba labari suke bayarwa ba.

Kuma kada duka takwas su shigo tun farko. Tsarin jagora da ƴan amshi da muke da shi ya riga ya nuna hanya: jagora ta yi baiti, amshi ya karɓa, su ɗan haɗu a bakin gaɓa. Fara da biyu, ƙara ɗaya bayan kowane zagaye huɗu, in an kai tsakiya ka zare rabi. Wata dabara: lup, wato guntun kiɗa mai maimaita kansa, ɗaya mai tsawon gida 4 na kari, wani mai gida 3. Ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai bayan gida 12, sai waƙa ta yi ta sauya fuska alhali ba ka ƙara komai ba.

In matan unguwa za ka naɗa suna kiɗan ƙwarya, a yi maganar kuɗi da ta suna kafin a kunna mikro, a rubuta. Rajistar aikin kuma a BNDA, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Nijar, ake yi.

Ɗan Zango:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. Akwai wani zuuu da ke ƙasan kowane layi, kuma mawaƙiyar da nake naɗa tana cewa muryarta na dawo mata a makare cikin kask, wato abin sauraro na kunne.

Injiniyan Birni:

Zuuu ɗin na kuran ne, wato wutar lantarki, 50 Hz da ƴaƴansa 100 da 150. Zare cajar kwamfuta ka naɗa da batir, in ya ɓace ka gano mai laifi. Ya fi tsanani in da gurup, wato janareta, ake aiki. Raba wayar mikro da wayar wuta, kuma ta kasance XLR. Panka da firji a kashe, ku yi minti ashirin ku buɗe ƙofa ku sha iska.

Makarar kuma daga bafa take, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Lokacin naɗi sa ta 128, a 48 kHz wannan bai kai milisakan 3 ba kowace hanya. In za ka haɗa sai ka mayar 1024. Ko ka danna maɓallin sauraron kai tsaye da ke jikin katin, ka kashe na Reaper, in ba haka ba za ta ji kanta sau biyu. Kask ya zama rufaffe, ta kuma rage ƙararsa, don ƙarar metronom, abin ƙirga bugu, da ta zubo cikin mikro ita ma sau takwas za ta taru.

Mai Gurmi:

A nan kam na saɓa da Injiniya kaɗan. Kada a sa wa mai kalangu metronom a kunne, hannunsa zai sandare. A bar shi ya kaɗa yadda ya saba na minti uku ko huɗu, ka zaɓi gida huɗu mafi zama, ka yanka su lup, ka sa Reaper ya ɗauki saurinsa daga nan. Mawaƙiyar ta rera bisa wannan lup ɗin. Wajen yankan ka tsaya dab da bugun farko, ka sa shuɗewar milisakan 5 zuwa 10 a bakin biyu, in ba haka ba duk zagaye za ka ji ƙas.