Mai busa turombon da ya duƙufa kan sabon kiɗan Turai: me zai koya, kuma wa zai biya shi?

Ɗan Badujala:
Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Tambayata a kan masu busa turombon ce (ƙahon tagulla na Turawa mai dogon bututu), waɗanda suka bar kiɗan fareti da na su Mozart, suka duƙufa kan sabon kiɗan da ake rubutawa tun bayan yaƙin duniya na biyu. Wanda ya iya karatun nota, ya san mazaunai bakwai na zamiya (bututun da ake turawa a jawo don sauya sauti, mai wuraren tsayawa bakwai), me ya rage masa ya koya? Kuma ina abincinsa yake fitowa? Don Allah a yi mini filla-filla.

Na-Algaita:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Da sauran aiki a gabansa, kuma mafi wuya shi ne busa da rera murya a lokaci guda. Marubucin kiɗa Luciano Berio ya gina kiɗansa mai suna Sequenza V a kan wannan dabara a 1966, bisa buƙatar mabushin turombon Stuart Dempster, kuma har gobe da ita ake auna duk wanda ya ce wannan fanni ne nasa.

Ga yadda ake farawa. Ka busa sautin B♭ na ƙasa a mazauni na ɗaya, wanda ke kaɗawa kusan sau 116 a daƙiƙa. Ka bar leɓɓa suna aikinsu, sai ka rera F na samansa da maƙogwaro, mai kusan 175. In sun daidaita, kunne zai tsinkayi wasu sautuka biyu da ba ka busa ba: ɗaya can ƙasa wajen 58, wato bambancin lambobin biyu, ɗaya kuma a sama wajen 291, wato jimlarsu. Mutum ɗaya, murya huɗu. Wurin da ake faɗuwa shi ne da zarar murya ta shigo sai busar ta mutu, domin maƙogwaro ya tsuke hanyar iska. Maganinsa ka ƙara ƙarfin rerawa, ka rage na busa, ka kuma tura iska fiye da yadda ka saba. In ka ji sautin yana karkarwa, muryarka ce ta kauce kaɗan, ka gyara ta, kar ka taɓa zamiya. Minti 5 zuwa 10 a rana sun isa a farko. Wanda ya zarce haka zai wayi gari da dusasshiyar murya.

Na biyu, busa ba yankewa. Wannan kam ba sai an je Turai ba: ka tsaya kusa da mai algaita a ƙofar fada ranar hawan salla, ka dubi kumatunsa. Yana tara iska a baki, ya matse ta da kumatu lokacin da yake shaƙar sabuwa ta hanci. Ka gwada da kofin ruwa da tsinken shan lemo, ka yi ta hura kumfa ba tare da ta tsaya ba, sannan ka koma kan ƙarfen. Sai dai turombon ya fi algaita cin iska nesa ba kusa ba, saboda haka ka fara da sautin tsakiya, a hankali. Aibin da ke fitowa shi ne sauti ya ɗan sauka ko ya yi tuntuɓe daidai inda ake komawa daga iskar kumatu zuwa ta huhu. Gefen leɓɓa ne ke sakewa a nan.

Na uku, rubu'in mataki, mataki kuwa shi ne ma'aunin tazarar da ke tsakanin sauti da sauti. Tsakanin mazauni da mazauni rabin mataki ne, to rabin wannan tazarar ake nema. Amma tazarar ba ɗaya ba ce, tana ƙara faɗi yayin da zamiya ke fita waje, don haka kunne ne zai ja hannu.

Uwar Nota:
Malam Na-Algaita ya gama da ɓangaren baki, bari in taɓa na aljihu. Kujerun albashi a wannan fanni ba su taka kara sun karya ba. A cikin ƙungiyoyin sabon kiɗa, Ensemble Intercontemporain da marubucin kiɗa Pierre Boulez ya kafa a Paris a 1976 tana da makaɗa 31 ne kacal, Ensemble Modern ta Frankfurt ta fara a 1980, Klangforum ta Vienna a 1985. Kowacce kujerar turombon ɗaya ce ko biyu, kuma wanda ya hau ba ya sauka da wuri. Mabushin turombon Benny Sluchin ya shiga ta Paris tun shekarar kafa ta, ya shafe gomman shekaru a kai.

Saboda haka yawancinsu suna haɗa hanyoyi ne: koyarwa a makarantar kiɗa, cike gurbi a ƙungiyoyi idan an kira su, wasan mutum ɗaya a bukukuwa, da ɗaukar faifai. Hanyar shiga kuwa sananniya ce. Akwai kwasa-kwasan bazara na Darmstadt a Jamus da ake yi tun 1946, da makarantar horo ta Ensemble Modern, da ta bikin Lucerne a Suwizalan. A can matasan mabusa ke haɗuwa da matasan marubuta kiɗa, kuma wannan haɗuwar ita ce jari.

Ka lura da sunayen da suka yi fice, kowanne da marubucin da ya ɗaure masa gindi. Xenakis ya rubuta Keren don Sluchin a 1986. Jan Sandström ya yi wa Christian Lindberg na Suwidin kiɗan nan da turombon ke kwaikwayon rurin babur. Mike Svoboda ya yi shekaru yana aiki da Stockhausen. Vinko Globokar kuwa ya haɗa biyun, yana busa yana rubutawa. Idan za ka sa a rubuta maka, kuɗin galibi daga gidauniya ko masu shirya biki yake fitowa, ba daga aljihunka ba. A sa abu uku a takarda tun farko: ranar da za a miƙa maka kiɗan, tsawon lokacin da kai kaɗai ke da ikon busa shi, da wanda zai fara ɗaukarsa a faifai. Rashin na farkon ne ke sa a kawo wa mutum shafi 12 saura mako guda a hau dandamali.

Ɗan Badujala:
Na gode, Hajiya. To idan marubucin ya rubuta abin da ƙarfen ba zai iya ba fa?

Baban Tagulla:
Yana faruwa sosai, ɗana, kuma gyara shi aikinka ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jan sauti, wato sulalewa daga sauti zuwa sauti ba yankewa. Zamiya daga mazauni na ɗaya zuwa na bakwai rabin mataki 6 take bayarwa, ba ƙari. Duk jan da ya wuce haka, ko wanda ya tsallaka daga wani layin sauti zuwa wani, dole ya sami gaɓa a tsakiya. Ka zauna da shi, ka busa masa ya ji da kunnensa, ka ba shi zaɓi. In ka danna maɓallin babban yatsa na F kuma, wanda ke ƙara wa bututun tsawo, mazaunai sun koma 6, kowanne ya fi nisa.

Sai matosai, waɗanda ake sa wa a faffaɗan bakin turombon don sauya amonsa. Ana buƙatar aƙalla huɗu: miƙaƙƙe, mai kofi, Harmon, da robar nan ta buɗe toshewar bututun banɗaki, wadda Sequenza V ke amfani da irinta a hannun hagu. Miƙaƙƙe da Harmon sukan ɗaga sauti kaɗan, mai kofi yakan saukar da shi, sai ka gyara da zamiya. Marubuta kan manta cewa sauya matoshi yana cin daƙiƙoƙi, hannun hagu kuma shi ke ɗauke da nauyin ƙarfen. In matoshi yana zamewa, ka huci cikin faffaɗan bakin kafin ka sa shi, danshin zai kama toton da ke jikinsa.

Ina da ɗan saɓani da Malam Na-Algaita kan jeri. A ganina kada a fara da dabaru sai sautin asali ya zauna. Dogayen sautuka na minti 15 zuwa 20 kowace safiya ba sa faɗuwa, domin kiɗa irin Keren yana kai mutum ƙololuwar sama da ƙarfi, ya dawo da shi raɗa nan take, kuma leɓen da bai ginu ba zai kumbura kafin a kai rabi. Littafin Dempster na 1979, The Modern Trombone, ya jera dabarun nan ɗaya bayan ɗaya, ka neme shi. Sannan ka kula da zamiya a lokacin hunturu: ƙura tana haɗuwa da man shafawa ta zama kamar yashi. Ka goge bututun ciki da tsumma mai laushi duk bayan kwana biyu, ka shafa mai kaɗan a ƙarshensa, ka fesa ruwa. Zamiyar da ke cijewa ba za ta ba ka rubu'in mataki daidai ba.