Louise Brooks: tauraruwa ce ta gaske, ko Faransawa ne suka ƙera ta?

Mukhtar: Assalamu alaikum jama'a. Zainab ta cika mana waya da hotunan Louise Brooks, 'yar wasan Amurka ta zamanin finafinai marasa sauti, na yi shiru har na gaji. Ga tawa, wanda zai ji haushi ya ji. Matar nan ba ta kai tauraruwa ba a zamaninta. Shekarun da ta yi a kamfanin finafinai na Paramount, daga 1925 zuwa 1928, sunan wasu ne ke sama a yawancin finafinan da ta fito, ita tana biye. Fim ɗinta na ƙarshe a 1938 ne, wani ƙaramin fim ɗin kaboyi tare da John Wayne tun bai gama zama John Wayne ba. Daga nan duniya ta manta da ita sarai, har ta koma tsaron kanti a New York. Sai a 1955 Henri Langlois, mai gidan adana finafinai na Paris, ya rataya ƙaton hotonta a bikin cikar sinima shekara 60. Aka tambaye shi me ya sa ita ba manyan taurari irin su Greta Garbo da Marlene Dietrich ba, ya ce babu Garbo, babu Dietrich, Louise Brooks ce kawai. Daga wannan zugar duk masoyanta na yau suka fito. Aski kuke so da hoto, ba wasa ba.

Zainab: Wa alaikumus salam Yaya Mukhtar. Tambaya ɗaya kafin komai: ka kalli Pandora's Box, fim ɗin da ta yi a Jamus, daga farko har ƙarshe?

Mukhtar: Na ga abin da ya ishe ni.

Zainab: To ba ka kalla ba ke nan.

Mukhtar: Ƙanwata, bar zancen kallo, mu yi zancen lissafi. Ita Brooks dala 750 take karɓa a mako lokacin da ta bar Paramount. Colleen Moore a wannan zamanin dala 12,500 take ɗauka a mako. Kuma wannan gajeren askin mai geza a goshi da kuke ta yi wa kirari, Moore ta riga ta yin suna da shi, tun bayan fim ɗinta Flaming Youth na 1923. Clara Bow kuwa, a watan Janairun 1929 kaɗai wasiƙun masoya kusan 45,000 suka zo mata. Mary Pickford da hannunta aka kafa kamfanin United Artists a 1919, ita da Chaplin da Fairbanks da Griffith. Waɗannan su ne taurari. A cikin wannan jerin ina za a ajiye taku?

Anti Rabi: Mukhtar, lissafinka daidai ne, amma ba shi ake tambaya ba. Babu wanda ya ce ta fi Clara Bow tara jama'a a ƙofar sinima. Maganar ita ce, in ka kunna fim ɗinta yau, me idonka yake gani.

Bari in ba ka wuri ɗaya a Pandora's Box. Ana shirin buɗe wasa a gidan rawa, bayan labule ya cika da hayaniya, masu ɗaukar kaya na ta karo da juna. Sai Lulu, wato ita Brooks, ta hango Dokta Schön ya shigo da budurwar da zai aura, alhali shi ne ke riƙe da ita a ɓoye. Ta ce ita fa ba za ta yi rawa a gaban waccan ba. Aka tura su wani ɗan ɗakin ajiyar kaya ya lallashe ta. Ta faɗi tana birgima tana shure-shure kamar yarinya, amma a tsakiyar kukan sai ta ɗan saci kallonsa ta ga ko maganin yana ci. Da ya ba da kai ya rungume ta, ƙofa ta buɗe, ga ɗansa ga budurwar a tsaye. Abin da Brooks ta yi a nan shi ne duka hujjata: ba ta zabura ba, ba ta dafe ƙirji ba, ɗagowa kawai ta yi a hankali da wani ɗan murmushin wadda ta ci wasa, ta miƙe ta wuce su ta tafi rawarta. Babu allon rubutu da ya gaya maka an fasa wancan auren. Fuskarta ta gama gaya maka.

Fritz Kortner da ya fito a Schön gogaggen ɗan wasan dandamali ne a Jamus, kana ganin yadda yake aiki da kafaɗa da gira da numfashi. Ita kuwa kamar ba ta san akwai kyamara ba. Shi ya sa shi kana kallonsa ka san fim ɗin 1929 kake kallo, ita kuwa sai ka rantse bana aka ɗauke ta.

Mukhtar: Anti, abin da kika kira gwaninta shi masu sharhin Berlin suka kira rashin iyawa. Sun ce ba ta yin komai. Su da suka gan ta da ɗuminta ba su fi mu sani ba?

Anti Rabi: Sun saba da wani salo ne. Asta Nielsen ta riga ta fito a Lulu a 1923, macen da ta san sharrinta kuma take nuna shi ƙarara. Da Pabst, daraktan fim ɗin, ya kawo wadda ba ta nuna ta san tana ɓarna, sai suka ɗauka fanko ce. Ga kuma haushin an tsallake duk 'yan matan Jamus an ɗauko Ba'amurkiya 'yar Kansas, wadda ko Jamusanci ba ta ji, an ba ta rawar da marubucinsu na wasan kwaikwayo Wedekind ya rubuta, abin alfaharinsu.

Sadik: Ana ma ba da labarin cewa Marlene Dietrich na zaune a ofishin Pabst ana gab da ba ta rawar, sai saƙo ya iso cewa Brooks ta yarda. Da an ba Dietrich, da wani fim ɗin daban muke magana a kai.

Zainab: Kuma zancen aski da Yaya Mukhtar ya kafe a kai, a cikin fim ɗin ma akwai amsarsa. Bayan ta tsere daga kotu, a ɓangaren jirgin ruwan 'yan caca, an canja mata gyaran kai, an nannaɗe gashin, goshi a buɗe. Askin ya tafi, amma idonka bai bar kanta ba. A Beggars of Life na 1928 kuwa hular maza ce a kanta da kwat, tana ɓad da kama tana bin jiragen ƙasa da 'yan gararamba bayan ta kashe mariƙinta da ya nemi ya ci zarafinta. Ina askin a nan?

Mukhtar: To ku cire Pabst mu gani. Finafinai biyu ya yi da ita a 1929, su ne kawai ake ambato, sai ɗaya na Faransa a 1930. Darakta ne ya iya, ya samu fuskar da ta dace da shi. Ita da kanta ta rubuta cewa saboda fitowar ƙarshe ta Landan a Pandora's Box, sai da ya sa aka yayyaga kayan da ta fi so aka ɓata su, don ta ji ƙasƙancin a jikinta. Wannan dabarar wa? Tasa ce.

Anti Rabi: Dabarar tasa ce, amma ba a jikin kowa take ci ba. Kuma kada ka manta 'yar rawa ce tun asali. Tana shekara 15 ta bar gida ta shiga ƙungiyar rawa ta Denishawn a 1922, inda shahararriyar 'yar rawa Martha Graham ma take. Tafiyarta, juyowar wuyanta, yadda take zama a hannun kujera, duk daga can ta zo da su, ba Pabst ya koya mata ba. Uku ɗin da kake rainawa kuwa, da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara.

Baba Habu: Yara, ku bar ni in sa baki. Mu da muka taso muna shiga sinimun Kano kallon Indiya, ba ma jin ko kalma ɗaya, babu fassara, amma mu fito mu ba ka labarin fim ɗin tsaf, har da wanda ya ci amanar wa. Da me muke ganewa? Da ido da fuska. Saboda haka in an ce mace ta iya wasa ba tare da murya ba, mun san abin da ake nufi.

Amma Rabi, Mukhtar yana da gaskiya a wani wuri, ko da shi bai kama bakin zaren ba. Ba aski ne ya ɗaga ta ba, sa'ar ajiya ce. Binciken da ɗakin karatun majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cikin dogayen finafinai marasa sauti kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, wajen kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya. Faifan wancan zamanin na naitiret ne, yana ruɓewa da kansa, yana kama wuta da kansa in zafi ya yi yawa. Gobarar rumbun finafinan kamfanin Fox ta 1937 a New Jersey ita ta cinye kusan duk aikin Theda Bara, ita da ta yi finafinai wajen 40. Colleen Moore da Mukhtar ya kawo, Flaming Youth ɗin nan naɗi ɗaya kacal ya rage. Ta ɗauki finafinanta da kanta ta kai wani gidan adana don kada su salwanta, aka bar su suka narke. To yaya za a yi gasa tsakanin wadda mafi kyawun aikinta ya tsira da wadda nata ya zama toka? Kuna cewa ta fi su, alhali ba ku ga su ɗin ba.

Zainab: Baba, ita ma ai ta yi asara. Finafinanta na 1927 kusan duk babu su. Ɗaya ne aka tsinci guntunsa a rumbun Prague shekarun baya.

Baba Habu: Ta yi asarar ƙananan, manyan suka tsira. Moore kuwa babban ne ya tafi. Ba ɗaya ba ne, 'yata.

Malam Lawal: Ni tawa daban ce. Mun zauna muna ta yabon mace a kan fim ɗin da duk wanda ya raɓe ta sai ya hallaka, ƙarshe kuma ta faɗa hannun makashin mata a titin Landan. Ina abin so a nan?

Anti Rabi: Allah ya gafarta Malam, ba halin Lulu ake yabo ba, iya nuna shi ake yabo. Kuma fim ɗin bai yi wa rayuwar kwalliya ba, a ɗakin da iska ke shiga ta tagar da ta fashe ya ƙare, babu ko abin sawa a baki sai busasshen burodi. Masu tace finafinai na wancan lokacin ma irin tunaninka suka yi, a wasu ƙasashen suka yanke ƙarshen suka sa wai ta tuba ta shiga ƙungiyar agaji ta coci, labarin ya tashi ba kai ba gindi. In kana son wanda zai fi zauna maka, nemi na biyun, Diary of a Lost Girl. 'Yar mai kantin magani ce yaron shagon ubanta ya lalata, ta haihu, dangi suka taru suka raba ta da jaririn suka kai ta gidan horo, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa a shagon kamar ba a yi ba. Ka gaya mini wannan labarin baƙo ne a kunnenka.

Malam Lawal: Wannan kam ba baƙo ba ne. Amma na farkon ina nan a kan bakana, ba na zama da iyali a gabansa.

Anti Rabi: Wannan babu gardama, ba na yara ba ne.

Sadik: Akwai abin da ba a taɓo ba. Yaya Mukhtar ya ce an manta da ita kamar don ba ta iya ba ne. Ita ta rufe wa kanta ƙofa. Da sauti ya shigo, Paramount suka nemi ta dawo ta sa murya a The Canary Murder Case, ta ce ba ta zuwa. Suka ɗauko Margaret Livingston ta yi maganar a madadinta, sannan aka baza cewa muryarta ba ta dace da sabon zamani ba. Aka ba ta rawa a The Public Enemy na 1931 ta ƙi, Jean Harlow ta samu. Taurin kai ne ya kashe mata kasuwa.

Mukhtar: Madalla, ka taimake ni. Wannan taurin kan shi ne rabin abin da masoyanta ke so. Labarin mace da ta watsa wa Hollywood ƙasa a ido. Kuma wa ya ba da labarin? Ita. James Card na gidan adana finafinai na Eastman ya janyo ta Rochester a 1956, ta zauna tana kallon tsofaffin finafinai tana rubutu. Kenneth Tynan ya yi mata dogon sharhi a mujallar New Yorker a 1979, littafinta Lulu in Hollywood ya fito a 1982, ta rasu a 1985. Clara Bow ta rasu tun 1965 ba ta bar littafi ba, sai wasu suka yi ta rubuta ƙazafi a kanta. Wadda ta iya alƙalami ita ta tsara yadda za a tuna da ita.

Anti Rabi: A nan ban musa maka ba, kuma ba duk abin da ta rubuta nake haɗiya ba, tana da son gyara labari ya yi daɗi. Amma alƙalami bai shiga cikin faifan 1929 ya canja abin da ke ciki ba. Langlois ya nuna da yatsa ne kawai. Ya rataya hoton Falconetti ma a wannan bikin, ita da fim ɗaya tal ake tuna ta da shi, wanda ta fito a Joan of Arc aka aske mata kai, ko ita ma ƙera ta aka yi?

Mukhtar: Falconetti daban.

Zainab: Da me ta bambanta? Ko don ita kanta a aske yake ƙwal?

Baba Habu: Zainab, a yi wa yaya ladabi. Mukhtar, kai kuma gani ya kori ji. Je ka kalla, amma ka nemi wanda aka gyara, wanda ya haura awa biyu, mai kiɗa a ƙarƙashi. Akwai guntaye da ke yawo a intanet, hoto dishi-dishi, an yanke kusan kashi ɗaya cikin uku, wasu kuma an sa musu gudu mutane na tafiya firgigit. Da irinsu za ka yanke mata hukunci, ka zalunce ta.

Mukhtar: Zan kalla, Baba, bisa sharaɗi. Duk wanda ya yi magana a nan sai ya kalli fim ɗin It na Clara Bow, 1927, musamman inda ta ɗauki almakashi ta yanke rigar aikinta tana sanye da ita ta mayar da ita ta fita cin abincin dare. Sannan mu dawo a gaya mini wace ce kyamara ta fi so.

Sadik: Ni na yarda. Amma awa biyu da wani abu, ga na Clara Bow a kai, wa zai sa mana data?

Anti Rabi: Wanda ya tayar da gardamar.