Neman shawara: AC ɗin motata ba ya riƙe gas

Mai tambaya, daga wajen Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla ce ƙirar 2008, da ita nake zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu da Kano. Tun shigowar bazara in aka zuba mata gas sai ta yi sanyi kamar ba gobe, kafin wata ya ƙare kuma sai iska mai ɗumi. Mai gyaran ya ce wai zafin bana ne ke shanye gas ɗin. Na kuma lura ruwa na ɗiga a ƙarƙashin motar. Ina matsalar take, kuma nawa zan tanada? Kuɗin taki nake taɓawa.

Direban Sharon, layin Gumel: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa sauke gilashi ka sha iskar Allah, mu da muke lodin Maigatari ranar Alhamis wa ya ga AC?

Mai gyaran AC, Dutse: Direba, kai fasinja ka ɗauko, shi iyali ne. Malam, zafi ba ya shan gas. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da ake ƙonawa, zagayawa yake yi a rufe, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Ruwan da ke ɗiga a ƙasa kuwa lafiya ce, raɓar sanyi ce ke fita. Sai in ka gan shi a kan kafet wajen ƙafar mai zaman gaba, to bututun fitarsa ya toshe.

A hanyoyinmu na burji wanda ya fi mutuwa shi ne kwandensa, wannan mai kama da lagireto da ke gabansa. Tsakuwa ɗaya ta ishe shi. Buɗe bonet ka duba: duk inda ka ga danshin mai, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi, nan ne, domin gas ɗin tare da man kwamfireso, wato famfon da ke tura gas ɗin, yake fita. Duba mahaɗar bututu ma, akwai 'yan zobban roba da ke bushewa su tsage, da kuma bakin da ake zuba gas ɗin.

Batun kuɗi, ya danganta da inda hujin yake. Roba ita ce mafi araha, kuɗin gas ma ya fi nata. Sai tiyo, sai kwandensa. Mai ɗan karen wahala shi ne ifaboreta, wanda ke sanyaya iskar da ke shigowa cikin mota, don a bayan dashbod yake, sai an kwance gaban motar kaf, yini guda ake yi a kai, kuɗin aikin kaɗai abin a zauna a yi magana ne. Farashin kaya kuma dala yake bi, ka sa a tambayo maka a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano kafin ka yi ciniki da kowa.

Malamin makaranta, Kazaure: Ƙari kaɗan. Motarka gas mai suna R134a take sha, an rubuta a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Ka ce a nuna maka gwangwanin da idonka. Akwai masu ɗura gas ɗin firji R600a, wasu har gas ɗin girki, saboda araha. Suna sanyi, amma wuta suke kamawa, ga shi motarka na yoyo kusa da inji.

Mai tambaya: Subhanallahi. To Oga na Dutse, in ban ga danshin man ba fa?

Mai gyaran AC, Dutse: Sai a matsa naitirojin a ciki a bi mahaɗai da ruwan kumfa, ko a zuba kalar da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. In an gyara, dole a sa injin zuƙe iska, a tsaya a ga allurar geji ba ta motsa ba, sannan a zuba gas. Wanda ba shi da wannan injin kada ka ba shi motarka. Kafin nan kashe AC ɗin gaba ɗaya. In gas ya yi ƙasa, mai ba ya dawowa kwamfireso yadda ya kamata, in ya ci kansa ya watsa garin ƙarfe cikin bututu, kuɗin takin duka ba zai isa ba.

Direban Sharon: Kwandensa dai kada ka yarda a liƙe maka da gam, ba ya jure matsin. Ka nemi ɗan Beljiyam, amma a gwada shi a gabanka kafin ka biya.

Mai tambaya: Na leƙa yanzu da tocila, ga baƙin danshi nan a kusurwar ƙasa ta kwandensa, ɓangaren direba. Na gode, Allah ya saka da alheri. Asabar in sha Allah zan shiga Kano.