Gilashin ƙofar motata yana ta karcewa, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Corolla, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla ƙirar 2008, shekara huɗu ke nan tana hannuna. Tun shigowar hunturun nan na lura da zane guda uku a gilashin ƙofar direba, a tsaye suke daga sama har ƙasa kamar an sa rula an ja. Da rana ba su dame ni ba, amma da daddare in fitilar wata mota ta hasko ta gefe sai madubi ya yi mini wuyar gani. Da farko yaran gida na zarga, har na yi musu faɗa, abin da yake damuna har yanzu, domin jiya ina sauke gilashin na ji yana ƙara daga cikin ƙofa. Mai wankin mota ya ce robar bakin ƙofar ce. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya ba mu labarin yadda ya yi.

Direban Sharon:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka je ka ba yaran nan haƙuri, ba su ba ne. Zanen yaro ba ya miƙewa haka. Ni sau biyu na sayi gilashi kafin in gane. Na farko na je Ƙofar Ruwa na samo na Beljiyam mai kyau, aka ɗaura mini, raina fes. Ko wata biyu ba a yi ba sai ga zane a daidai inda na tsohon yake, ko ɗan kaucewa babu. Na koma na yi ta rigima da mai kayan cewa ya sayar mini da gilashi maras ƙwari. Na sake sayen wani. Ranar ɗaura na biyun ne wani dattijon fanel bita ya ɓanɓaro robar nan ta waje, wadda take kwance a bakin ƙofa, ya juya cikinta ya ce in shafa. Wallahi kamar na shafa samfefa. Gashin nan mai laushi duk ya cinye, yashi ya nutse cikin robar, a wuri ɗaya ma ƙarfen da ke cikinta ya leƙo ya yi tsatsa. Mu 'yan haya muna ɗagawa muna saukewa sau nawa a rana, a tasha, a shingen hanya, wajen karɓar kuɗi? Kowane saukewa gurzawa ce. Tun da na canza robar, shekara biyu, gilashin yana nan lafiya.

Mai gyaran gilashi, Panteka Kaduna:
Direba ya faɗi gaskiya. Yallabai mai Corolla, fara da farcenka. Ka wanke gilashin, ka ja farce a kan zanen ta gicciye. In ya wuce sumul bai maƙale ba, ana iya gogewa. In ya maƙale, zanen ya yi zurfi, kada kowa ya ci kuɗinka da sunan zai ɓatar da shi. Sannan ka duba ta wane gefe yake, ciki ko waje, domin roba biyu ce ta rungume gilashin, ta ciki da ta waje. Galibi ta waje ce mai laifi, ita rana take duka har ta bushe ta yi tauri, ita kuma ƙura take sauka a kai. Akwai kuma wadda gilashin yake bi ta gefe da sama, in ta yage ko ta zame daga mazauninta gilashin yakan karkace ya goga da ƙarfe. Wannan zanensa a can bakin gilashi yake fitowa, kuma za ka ga gilashin yana hawa da ƙyar.

Maman 'yan biyu, Zariya:
Ni tawa ta zo da sauƙi. Na ga zane a gilashin ƙofar baya na tayar da hankalina, ashe baƙar ledar nan ta rage hasken rana ce ta karce, gilashin kansa ba abin da ya same shi. Ledar ta ciki ake manna ta, kuma ba ta da ƙwari ko kaɗan. Da aka cire robar ciki, ɓurɓushin biskit da ƙasa ne cike, yara suna dafa wurin da hannu. An wanke, an sake leda, shi ke nan. A fara dubawa tukuna kafin a yi zancen sayen gilashi.

Malamin kimiyya, Katsina:
Bari in ɗan ƙara dalilin da ya sa ƙura kawai take iya cin gilashi, don wasu ba sa yarda. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, gilashi yana wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa 7 ce. Ke nan yashi ya fi gilashi tauri. Roba ita kaɗai ba za ta taɓa karce gilashi ba, riƙe ƙwayar yashin take yi ta danna ta a jikinsa, injin gilashi kuma ya ja. Na ga haka a Fijo 406 ɗina bayan wata tafiya ƙauye a hanyar burji. Kuskuren da na yi, na dawo gilashi ya yi futu-futu, na sauke shi a haka ban goge ba.

Mai Hilux, Damagaram:
Mu nan yashi ne abokin zamanmu. Ni bakanikena man birki yake ɗan shafa wa robar, yana cewa tana laushi. Wasu baƙin mai suke sawa. Gilashin dai yana hawa da sauri bayan an shafa.

Mai gyaran gilashi, Panteka Kaduna:
Haba ɗan'uwa, don Allah ka hana shi. Man birki yana cin fenti in ya zubo a jikin ƙofa. Baƙin mai da giris da basilin kuma suna kumbura roba, sannan duk ƙurar da ta zo sai ta manne, kwana kaɗan ka haɗa taɓon yashi a bakin gilashinka. In za a sa wani abu, feshin silikon ake ɗan sawa a robar gefe, a goge rarar. Ta bakin ƙofa mai gashi kuwa wanki kawai take so.

Mai wankin mota, Hotoro:
Oga, ni ne dai irin waɗanda ake zargi kullum, shi ya sa nake lura. Yawancin masu wanki saman gilashi kawai suke yi, ba sa sauke shi. Ni sai na fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka, sannan in sauke gilashin ƙasa gaba ɗaya, in sa tsohon buroshin goge baki da ruwan sabulu in bi bakin robar. Bayan nan in naɗe jiƙaƙƙen tsumma a jikin tsohon kati in zura tsakani in ja daga wannan kai zuwa wancan. Ka ga abin da yake fitowa, jar ƙasa ce zalla. Ruwan da ya shiga ƙofa kada ya dame ka, akwai ƙananan ramuka a ƙasan ƙofar da yake fita, sai dai a riƙa duba su kada su toshe. Kuma a daina goge busasshen gilashi da busasshen tsumma da safe, wannan ma yana zane, nasa dai a karkace yake.

Mai Honda, Abuja:
Game da gogewa, na gwada da kaina. Makilin bai yi komai ba, ɓata lokaci ne. Daga baya na samo garin goge gilashi, cerium oxide sunansa, ana dama shi da ruwa a sa a fefen auduga a jikin injin huda. Ƙananan zanen sun dushe sosai bayan kusan awa guda. Amma guda ɗaya mai zurfi na nace masa, na tsaya wuri ɗaya ina ta gurza, sai wurin ya ɗan lotsa. Yanzu in na kalli madubi ta nan abubuwa a lanƙwashe nake ganinsu, ya fi zanen ciwo. Gilashin ya kuma yi zafi har na tsorata, domin na gefe ba irin na gaba ba ne mai leda a tsakiya, in ya fashe gaba ɗaya yake tarwatsewa kamar tsakuwa. Wanda zai yi ya riƙa yayyafa ruwa, ya riƙa zagayawa, ya rufe fenti da robobi da leda tukuna.

Direban Sharon:
Wani abu da na manta. In za ka sayi robar Beljiyam, ka lanƙwasa leɓenta da yatsa a gaban mai kayan. In ta yi tauri ko gashin ya soma gogewa, tsohuwar matsalar ka saya. Ka kuma duba ƙananan maƙalanta sun cika, kuma ta hagu daban ta dama daban.

Mai Corolla, Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Yau da safe na yi gwajin farcen: biyu sun wuce sumul, ɗaya ya maƙale, duka ta waje. Na je an cire robar, ga ƙarfe nan ya fito a daidai inda babban zanen yake. Na sa sabuwa a ƙofar direba, sauran ukun an wanke su yadda oga mai wanki ya bayyana, ƙarar ma ta ɗauke. Gilashin zan bar shi haka zuwa ƙarshen wata in canza. Yaran kuma na kira su na ba su haƙuri. Malam na Panteka, robar ƙofar gaba ta ɗaya gefen ta fara tsagewa a ƙarshenta amma gashinta da saura, in canza ta yanzu ko za ta kai damina?