Auren ɗan wata ƙasa ko wata ƙabila in ya mutu a Legas: ina yaran suke zama?

Maman Biyu, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ni haifaffiyar Agege ce, iyayena mutanen Katsina. Mijina ɗan Gana ne, ɗan Zangon Kumasi, Hausa a bakinsa kamar tawa, shi ya sa da ya zo neman aurena Baba bai ga wani bambanci ba. Shekararmu tara tare, yara biyu, namiji ɗan bakwai da mace 'yar huɗu. Watan jiya ya aiko ƙaninsa da takarda, saki ɗaya.

Ban zo tonon laifinsa ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ya ce ina gama idda zai kai yaran Kumasi wajen mahaifiyarsa. Kawuna ya ce a zauna a yi sulhu, to amma a gaban wa? Manyansa duk suna can, nawa suna nan. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.

Hajiyar Idi-Araba

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yaye miki. Nawa mijin Bayarabe ne, Musulmi, mun rabu shekara goma sha ɗaya ke nan, yara uku.

Zama biyu muka yi. Na farko a gidan uwarsa aka yi shi, kuma nan muka yi kuskure. Mu huɗu muka je, ni da kawuna da yayata da wani maƙwabcinmu, muka tarar da falo cike, sun kai mutum ashirin. Kawuna ba ya jin Yarbanci, sai aka sa ɗan yayar mijina ya yi tafinta. Ni ina ji sarai, a Legas na girma, amma ba a ba ni bakin magana ba. Kawu ya ce a bar yara wajen uwarsu tunda ƙanana ne, yaron nan ya juya ya ce wa mutanensa wai mun ce yaran namu ne ba nasu ba. Wallahi ina durƙushe a ƙasa ina jin maganar tana sauya kama a gabana. Surukata ta miƙe tana kuka, zaninta yana kwancewa tana ɗaurawa, ta ce jikokinta ba za su tashi ba su san gidan ubansu ba. Haka aka watse, wata huɗu ba mai gaida wani.

Daga baya na gane ita ma tsoro take ji, irin nawa. A wajensu ɗa na dangin uba ne, ta ɗauka zan kwashe su in kai Arewa su manta sunan gidansu.

Zama na biyu limaminmu ne ya nemi limamin unguwarsu, aka yi a masallacin da ba namu ba, ba nasu ba. Mutum uku daga kowane ɓangare. Tafinta wani dattijo ne mai sayar da goro wanda bai haɗa komai da kowa ba. Limaman suka fara da ayar nan ta 35 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Suka tunatar da mu cewa mu da su duk 'yan mazhabar Malikiyya ne, kuma a wannan mazhaba, uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ci da sha da sutura kuma suna kan uba. Jin wannan daga bakin limaminsu, ba namu ba, shi ya sa surukata ta sauko. Aka rubuta: yara suna wajena, Juma'a da yamma zuwa Lahadi suna gidan ubansu, Ƙaramar Salla tawa, Babbar Salla da suke kira Ileya tasu. Har yau haka ake yi. Babbar 'yata da Yarbanci take waya da kakarta.

Kada ki yarda a zauna a gidan ɗayanku, kuma kada ki yarda a zauna ba wani babba nasa a wurin.

Ɗan Alaba Rago

Bari in yi magana ta ɓangaren maza, don ni na taɓa furta irin abin da mijinki ya furta. Matata 'yar Maraɗi ce. Da muka rabu, cikin fushi na ce zan karɓe yarana in kai su wajen innata a Sakkwato. A raina ban yi niyya ba, so nake ta ji zafi. Kwana uku da faɗar haka na dawo daga kasuwa na tarar da ɗaki a kulle, ta bi motar dare da su. A farkon 2023 ne. Watan Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka har Maris na 2024. Ƙaramin yana rarrafe suka tafi, da na sake ganinsa yana gudu, kuma ya ɓuya a bayan uwarsa.

Sulhunmu ta waya aka yi shi, kiran bidiyo na WhatsApp, baffanta a can, shugaban layinmu na kasuwa a nan. Abin da ya fi ba mu wuya kuɗin ciyarwa ne. Na ce zan riƙa aika naira kaza duk wata, baffanta ya ce su da sefa suke cefane, naira kuwa a lokacin kullum faɗuwa take. Sai dattijon namu ya kawo dabara: a daina ƙirga kuɗi, a ƙirga abu. Buhun gero, kuɗin makaranta, ɗinkin salla biyu, kuɗin asibiti in ya taso, ko nawa suka kama a kasuwar Maraɗi ranar. Tun daga nan gardama ta ƙare. Ke ma naku sidi ne da naira, ki sa wannan a ranki.

Ki sa wani ya tambayi mijinki a keɓe me yake tsoro. Wataƙila gani yake za ki yi aure wani ya riƙe masa 'ya'ya.

Malamin Zaure, Mile 12

Abin da Hajiya ta faɗa game da riƙo haka yake, amma akwai sharaɗi biyu da ya kamata Maman Biyu ta sani kafin a faɗa mata su a wurin zama ta rikice. Na ɗaya, in uwa ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙo yana barin hannunta, sai dai kakarsu ta wajen uwa ce ke gaba, ba ta wajen uba ba. Na biyu, malaman Malikiyya sun ce in uba zai yi ƙaura mai nisa don ya zauna can dindindin, ba tafiyar fatauci ba, yana iya tafiya da ɗansa, sai in uwar za ta bi su. Na zauna a sulhu irin wannan fiye da sau ɗaya, kuma tambayar da nake fara yi wa uba ita ce: kai ma komawa za ka yi, ko aika su za ka yi kai ka zauna a Legas? In aikawa ce, ba shi da wannan hujjar.

Kuma saki ɗaya ne, tana cikin idda, ƙofar kome a buɗe take. Masu sulhu su fara da wannan.

Anti Obalende

Maman Biyu, tambaya ɗaya: bayan ɗaurin aure kun je rajistar aure ta gwamnati? In kun je, maganar ta sauya.

Ni mijina ɗan Najeriya ne ta wajen uba, uwarsa Baturiyar Ingila, can aka haife shi, can yake zaune. An ɗaura mana aure a masallaci, bayan sati biyu muka je rajistar Ikoyi saboda neman biza. Da ya sake ni ta waya na yi idda na gama, na ɗauka shi ke nan. Sai da wani ya fito neman aurena, lauya ta ce mini a idon doka har yanzu matarsa ce ni. Auren rajista babbar kotu ce kaɗai ke raba shi, a ƙarƙashin dokar shari'ar aure ta 1970. Sai ka nuna auren ya lalace ba gyara, misali kun shekara biyu ba ku tare kuma ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko shekara uku ko da ya ƙi. Bayan alƙali ya yanke ma sai an jira wata uku kafin ta tabbata. Na yi kuka ranar, don ba wanda ya gaya mini haka lokacin da nake sa hannu ina murna.

Maganar 'yarmu ba mu bari ta zama shari'a ba. Mun je wajen sulhu na babbar kotun jiha da ake kira Multi-Door, wanda aka buɗe tun 2002. Shi yana can ta bidiyo, ni ina zaune da mai sulhu. Matar ba ta yanke hukunci, tambaya kawai take yi, wani lokaci ta gana da kowa shi kaɗai. Abin da muka amince a kai aka rubuta, alƙali ya sa hannu, ya zama kamar hukuncin kotu.

Fasfo ne ya ci mana zama biyu cur. Yarinyar tana da na Najeriya da na Ingila. Akwai yarjejeniyar Heg ta 1980 da ƙasashe suka yi don mayar da yaron da uwa ko uba ya tsallaka da shi ba da yardar ɗayan ba, amma Najeriya ba ta ciki. Ma'ana in an fita da yaro, ba wata hanya a shimfiɗe ta dawo da shi, sai ka bi shi can ka shiga kotunsu da kuɗinka. Shi yana tsoron in ɓoye ta, ni ina tsoron in ta je hutu ba za ta dawo ba. Ƙarshe aka rubuta ranar tafiya da ranar dawowa, tikiti na zuwa da dawowa, kuma tafiyar farko da mahaifiyata aka yi.

Ku naku ya fi sauƙin ƙetarawa, mota ce daga Seme, bakin iyakar Benin, kwana ɗaya ko biyu an kai. Ki adana takardun haihuwarsu tun yau. Kuma kada wani ya ce miki yaran ba 'yan Najeriya ba ne don ubansu baƙo ne. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ba su ta wajenki.

Baban Yara, Ijora

Mu ba mu da kuɗin lauya. Cibiyar sulhu ta ma'aikatar shari'a ta jiha muka je, kyauta ce, su suka aika wa matata takardar gayyata. Ita Kirista ce 'yar Kwatano, ba za ta zo gaban liman ba, ni ma ba zan je gaban fasto ba, to can ne kaɗai muka iya zama. Ku da kuke Musulmi duka, akwai kwamitin shari'a mai zaman kansa da ke zama a masallaci, tunda jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. Sai dai ba shi da ikon tilasta kowa, sai wanda ya kawo kansa.

'Yar Gida Biyu

Ni ba aurena ne ya mutu ba, na iyayena ne. Babana Bahaushe, mamata Ibo. Ina shekara shida aka ce in shirya za mu je biki Kano. Na tuna mamata ta yi mini kitso da daddare, ta sa mini biskit a leda, ita ma biki ta ɗauka. Ban sake ganinta ba sai da na kai goma sha tara. Gwaggona ta riƙe ni da amana, ban rasa komai ba, amma ranar da na samu mamata a Ajegunle mun zauna a bakin gado mun rasa yaren da za mu yi magana. Ibon da na iya ya gudu, ita kuma Hausarta ta ciniki ce. Hannuna kawai ta riƙe tana juya shi.

Manya sun yi zama a kaina sau uku, an gaya mini. Ba wanda ya kira ni ya tambaye ni ko da sau ɗaya. Ɗanki ɗan bakwai yana jin duk abin da ake faɗa a gidan nan, Maman Biyu. Ki zaunar da shi ki gaya masa ba shi ya jawo ba, kuma duk inda aka tsaya, a rubuta yadda zai riƙa ganin ɗayan.

Maman Biyu, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. 'Yar Gida Biyu, na karanta naki na kasa ci gaba sai da na tashi na yi alwala.

Anti, ba mu je rajista ba, ɗaurin aure ne kawai. Kawu ya kira yayan mijina, ya taso daga Kumasi da kansa ranar Alhamis. An zauna jiya bayan la'asar a zauren wani dattijo a Zangon nan Legas, uku da uku kamar yadda Hajiya ta ce. Da aka yi wa mijina tambayar Malam, ya ce shi ba komawa zai yi ba, shagonsa yana nan. Yayansa ne ma ya ce masa to tsohuwa mai ciwon ƙafa zai ɗora wa yara biyu? Ya yi shiru, can ya ce shi dai ba ya so wani ƙato ya riƙe masa 'ya'ya.

An tsaya a kan yara suna wajena, dogon hutu su je Kumasi. Maganar kome an taɓo ta, na ce a ba ni lokaci. Abin da ya rage takardun haihuwa, ta namijin tana hannunsa ya ce ba zai bayar ba, da kuma wanda zai raka su a tafiyar farko. Za a sake zama Asabar kafin yayan ya koma. Anti Obalende, in an rubuta a zaure, za a iya kai takardar wajen da kika ce a sa mata hannu, ko sai an sake zama daga farko?